Kafin ku biya kuɗin "babu ƙarfe", ku tambayi wa ya duba bakin yaron

Akwai wani yaro a ajina, aji uku na firamare, da nake yawan tsawata wa a zangon karatu na farko. Kullum bakinsa a buɗe, leɓɓa a bushe, kafin a tashi tara ya fara gyangyaɗi. Na ɗauka wauta ce ko kallon talabijin da dare. Har na taɓa ce masa, "Kai, rufe bakinka kada ƙuda ya shiga," 'yan aji suka kwashe da dariya. Yanzu idan na tuna kunya nake ji, domin ba rufe bakin ne ya ƙi yi ba, idan ya rufe numfashin ba ya isarsa.

Mahaifiyarsa ce ta zo min da maganar bayan an tashi makaranta, waya a hannunta. Ta ce, "Malam, kai ne ka yi boko, duba min wannan." Ƙaninta da ke zaune a Bronx ta birnin Niyok ya turo mata bidiyo. Wata mata ce ke nuna wata 'yar farar roba da ake maƙala wa yaro a ganɗa, tana cewa tana faɗaɗa muƙamuƙin sama, haƙora su jeru, minshari ya tafi, kuma abin da ta fi nanatawa shi ne babu ƙarfe a ciki ko ɗis. Ƙanin ya ce zai biya. Wani mai talla a WhatsApp kuma har ya faɗa mata farashi, ya ce ta turo kuɗi ta MoMo da hoton bakin yaron, shi zai sa a kawo. Kuɗin da ta ambata ya haura albashina na wata biyu. Na ce mata, "Hajiya, ki dakata tukuna, kada ki tura wa kowa ko sidi ɗaya."

Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Amma wannan magana ta sa na zauna na karanta, na kuma raka su asibiti, kuma ina da ra'ayi a kai. Ra'ayin shi ne, "babu ƙarfe" kalmar kasuwa ce. Abin da zai amfani yaro ko ya cuce shi yana can wani wuri, kuma mu iyaye a zango mun fi saurin kama kalmar kasuwar saboda ita ce ta fi daɗin ji.

Bari in fara da abin da ake faɗaɗawar, don da yawanmu mun ɗauka haƙora ake turawa kawai. Idan ka sa harshe a rufin bakinka, wannan wurin mai tauri shi ne ganɗa. Ba ƙashi ɗaya ba ne tun asali. Ɓari biyu ne, na dama da na hagu, da suka haɗu a tsakiya da wani layi kamar ɗinkin ƙwarya. A jikin ƙaramin yaro wannan mahaɗa ba ta gama ƙulluwa ba. Idan aka matsa ɓarin biyu a hankali suna rabuwa kaɗan, sabon ƙashi ya cike tsakanin, muƙamuƙin ya ƙara faɗi. Da yaro ya balaga mahaɗar takan fara sarƙewa tana tauri, har ta kai inda babban mutum sai an haɗa da tiyata ko a kafa ƙananan ƙusoshi a ƙashin kafin ta buɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan maganar ta zauna daram. Shi ya sa ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka ke ba da shawarar a kai yaro a duba shi kafin ya wuce shekara 7, wato lokacin da ya fara famfara, turamen farko na dindindin sun fito.

Dabarar kuma ba sabuwa ba ce. A 1860 wani likitan haƙori a San Faransisko mai suna Emerson Angell ya rubuta cewa ya buɗa ganɗar wata yarinya 'yar shekara 14 da wani noti da ya gitta mata a baki. Abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba, don a lokacin babu hoton ƙashi da zai nuna. Sai a 1961 Andrew Haas ya farfaɗo da aikin, daga nan ya bazu. Wanda aka fi sani yau ƙarfe ne da ake liƙa wa turamen sama da wani irin siminti, da noti a tsakiya. Uwa ko uba su sa ɗan mabuɗi su murɗa sau ɗaya ko biyu a rana, kowace murɗa tana buɗa wajen kwatan milimita. Cikin 'yan makonni an kai inda ake so, sai a bar shi a baki wasu watanni har sabon ƙashin ya yi ƙwari. Wani abin dariya shi ne, alamar cewa aikin ya ci ita ce wushirya ta bayyana tsakanin haƙoran gaba. Turawa sukan firgita da ganinta, sai likita ya lallashe su cewa za ta rufe da kanta. Mu kuwa da ake yi wa mai wushirya kirari, na tabbata akwai kakar da za ta ce don Allah a bar wa jikarta.

To ina marar ƙarfen ya shigo? A watan Disamba na 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba kamfanin Align, mai yin Invisalign, izinin sayar da abin faɗaɗa ganɗa da ba shi da noti. Ana ɗaukar hoton cikin bakin yaro da na'ura, kwamfuta ta zana, inji ya ƙera jerin robobi masu tauri, kowace ta fi ta jiya faɗi da kwatan milimita. Maimakon murɗa mabuɗi, sai a cire ta yau a sa ta gobe. Yaro yana yini da ita, ya kwana da ita, ya ci abinci da ita, a cire kawai lokacin goge baki. Akwai kuma wasu da ake yi da wata roba mai ƙarfi da likitoci ke amfani da ita a wasu ayyukan tiyata.

Ba zan ce abin banza ne ba, don ba gaskiya ba ne. Yana da amfaninsa. Wanda ya taɓa ganin yadda tuwo da waken safe ke maƙalewa ƙarƙashin na ƙarfe zai san darajar abin da za a iya cirewa a wanke. Uwa da yawa hannunta rawa yake idan aka ce ta cusa mabuɗi a bakin ɗanta yana kuka. Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya shiri da nikel, wani ƙarfe da ke cikin baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa, wajen kashi 8 cikin 100. Wannan ya shafe mu sosai, tunda 'ya'yanmu mata tun suna jarirai ake huda masu kunne, kuma kowa ya san yarinyar da ɗan kunnen kasuwa ke sa wa ƙaiƙayi da ruwa. Idan 'yarki tana cikin irin waɗannan, ki faɗa wa likita tun farko. Amma ko a nan a sani cewa cikin baki bai cika nuna wannan rashin shiri kamar fata ba, kuma akwai ƙarafan da babu nikel a cikinsu.

Matsalata ta farko da tallar ita ce tsoron da take shukawa. Yadda ake furta "ƙarfe" a waɗannan bidiyoyi sai ka ce guba ce. Mu da muka tashi muna ganin haƙorin Makka a bakin iyayenmu da kakanninmu, shekara talatin, arba'in, ba abin da ya same su, yau wani zai zo ya tsorata mu da ƙarfe a baki? Na ƙarfen an yi sama da shekara 60 ana aiki da shi ana rubuta sakamakonsa, an san amfaninsa, an san illarsa. Na robar jiya-jiya ya fito, binciken da ya gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na ƙarfe bai taru ba tukuna. Mai yiwuwa nan gaba ya tabbata daidai suke. Amma wanda ya ce maka sabo ya fi tsoho don kawai ba ya ƙyalli, kayansa yake son sayarwa.

Kuma ba duk abin da aka ce na roba ne ba shi da ƙarfe. Akwai tsohon samfuri mai kama da faranti na roba mai launi, wanda yara ke so saboda kyansa, amma a tsakiyarsa noti ne na ƙarfe, gefensa waya. Akwai kuma robobin nan masu kama da gilashi da ake sa wa haƙora, waɗanda galibi haƙoran suke karkatarwa waje, ba ƙashin suke buɗawa ba. A hoto duk kamarsu ɗaya ga wanda bai sani ba. Mai tallar WhatsApp ɗin nan da na tambaye shi wanne yake sayarwa, sai ya turo min hoton na kamfanin Amurka. Da na ce wane likita zai ɗauki awon bakin yaron, sai ya ce ba sai an je wurin likita ba. Daga nan na san sayen kifi a ruwa ake so Hajiya ta yi, domin na gaskiyar ba a samunsa sai ta hannun likita.

Matsala ta biyu ita ce wadda na fi kowa sani, don ita ce sana'ata. Abin da ake iya cirewa, yaro zai cire shi. Ina da yara sama da hamsin a aji. A mako guda fensir nawa ke ɓata? Takalmi ma ƙafa ɗaya yakan ɓata, balle wata 'yar roba da ke matse wa yaro baki, abokai suna tsokanarsa. Zai cire lokacin tara ya naɗe a takarda, takardar ta bi shara. Ko ya sa a aljihun wando, a jiƙa wandon a ruwan zafi. A gidajenmu na haya inda iyali shida ke tsakar gida ɗaya, uwa ta fita kasuwa tun asuba, uba yana tasha ko yana kan hanyar Tamale da mota, wa zai tabbatar yau lamba goma sha biyu aka sa ba sha uku ba? Idan aka yi hutu aka tura yaro wurin kaka a Bawku fa? Kwana kaɗan ba a sa ba, ganɗar ta fara komawa, ta gaba ta ƙi shiga, sai an koma wurin likita, wataƙila a sake yin oda daga waje. Na ƙarfen da aka liƙa, duk ƙiriniyar yaro yana nan inda aka sa shi. Ba wai ina cewa 'ya'yanmu sun fi na wasu rashin ji ba. Abin da nake cewa shi ne, an tsara wannan kaya ne da tunanin gidan da yaro ke da madubinsa da uwar da ke tsaye a kansa safe da yamma. Wanda gidansa haka yake, madalla. Wanda ba haka ba, ya faɗa wa likita gaskiya, kada kunya ta sa ya sayi abin da zai ƙare a kwata.

Amma babbar tambayar ma ba a kai gare ta ba. Shin yaron yana bukatar a faɗaɗa masa ganɗa? Ba kowane mai cunkoson haƙora ba ne. Yara da yawa lokacin famfara bakinsu kamar an watsa tsakuwa, daga baya ya daidaita. Abin da likita ke dubawa shi ne yadda na sama da na ƙasa ke haɗuwa. A ƙa'ida turamen sama suna ɗan rufe na ƙasa ta waje, kamar murfi da tukunya. Idan muƙamuƙin sama ya yi ƙunci sai su faɗa ciki, yaro ya riƙa karkata haɓa gefe guda don ya samu ya tauna. Wannan shi ne babban dalilin faɗaɗawa. Ana iya gadonsa, tsotsar yatsa da ta wuce shekara huɗu ko biyar tana iya kawo shi, haka kuma daɗewa ana numfashi ta baki, saboda harshe ya sauka ƙasa ya daina tallafar ganɗa.

Wannan na ƙarshe shi ya dawo da ni kan ɗalibina. Rufin baki shi ne daɓen hanci, don haka gaskiya ne faɗaɗa ganɗa yakan ɗan buɗe hanyar iska. A kan wannan 'yar gaskiya masu talla ke gina gidan sama, su ce zai warkar da minshari da fitsarin kwance da rashin gane karatu. Amma idan abin da ya toshe hancin wani nama ne da ya kumbura a bayansa, ko naman gefen maƙogwaro, ko mura mai naci da ƙurar hunturu da hayaƙin gawayi ke tayarwa, to ka faɗaɗa ganɗa har ta kai faɗin faifai, toshiyar tana nan. Wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. A nan dole in taɓo namu laifin. Da yaro ya fara minshari ko tari, abin da ake fara cewa a gida shi ne belu ne, a kira wanzami. Hajiya da kanta ta faɗa min an cire masa belu tun yana shekara biyu. Jini ya zuba, yaro ya wahala, minsharin bai fasa ba, domin belun ba ruwansa. Ina girmama wanzamai da sana'ar gado, amma aska ɗaya a maƙogwaron yara goma ba abin da zan yi shiru a kai ba ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mutumin da bai ji tsoron aska a maƙogwaron jariri ba, shi ne yanzu ke tsoron ƙarfen da aka dafa aka tsabtace a asibiti.

Ga masu cewa ai roba ce, ko ba ta yi amfani ba ba za ta cutar ba, ku ji wannan. Duk abin da ke da ƙarfin motsa ƙashi yana da ƙarfin ɓata shi. Idan aka matsa haƙora ba tare da mahaɗar ta buɗu ba, saiwoyinsu na iya turowa waje daga ƙashi, dasashi ya janye, haƙori ya yi girgiɗi. A watan Maris na 2023 hukumar nan ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wasu na'urorin faɗaɗa muƙamuƙi da ake sa wa manya, bayan rahotannin irin wannan ɓarna har da zubewar haƙora. Sannan kamfanin SmileDirectClub, wanda ya yi suna da aika wa mutane robar jera haƙora har gida ba tare da zuwa wurin likita ba, ya rufe a Disamban shekarar, ya bar mutane a tsakiyar magani. Idan haka ta faru a ƙasar da ake kai ƙara kotu a kan ƙaramin abu, me kake tsammani daga lambar waya da ba ka san fuskar mai ita ba? A nan Gana akwai majalisar likitoci da likitocin haƙori da ke riƙe da rajistar duk wanda aka yarda ya taɓa bakin mutum. Tambayar mutum ko yana cikin rajista ba rashin kunya ba ce.

Wani dattijo a masallacinmu ya tambaye ni ko wannan ba canza halitta ba ne. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin da na koya wurin malamaina shi ne ana bambanta gyaran lahani da neman ado kawai. Suna kafa hujja da sahabi Arfaja, wanda hancinsa ya yanke a yaƙi aka ba shi izinin sa na zinariya. Yaron da ba ya iya tauna daidai magani ake masa. Abin da zan ƙara daga ɓangarena shi ne a sanar da malamin makarantar allo ko Islamiyya. Ko na ƙarfe ko na roba, a kwanakin farko harshe yakan rasa wurin zama, haruffa irin su kaf da jim da shin su fito a karkace, miyau ya yi yawa. Kada a doki yaro a kan abin da ba laifinsa ba.

Maganar kuɗi kuwa, kowa ya san katin inshorar lafiya yana taimakawa wajen cire haƙori da cike ƙaramin rami, amma jera haƙora daga aljihu ake biya. Ƙwararrun wannan fanni kuma ba su da yawa, kuma akasarinsu suna Akara da Kumasi, inda makarantun koyon likitancin haƙori suke, Korle Bu da Komfo Anokye. Mutumin Wa ko Yendi sai ya haɗa da kuɗin mota da masauki, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Saboda haka idan ɗan'uwa a waje ya ce zai taimaka, a roƙe shi ya fara biyan kuɗin ganin likita da hoton ƙashi da na zirga-zirga. Wane irin kaya za a sa, wannan ita ce tambaya ta ƙarshe, kuma likitan da ya duba shi zai amsa ta tare da iyayen, bayan ya ji yadda gidan yake.

Ina da ƙorafi a kan namu ɓangaren ma. A kwalejin horon malamai an koya mana gane yaron da ba ya gani sosai, a dawo da shi layin gaba, da wanda ba ya ji. Ban tuna ranar da aka ce mana yaro mai buɗaɗɗen baki da barci a aji yana iya zama marar lafiya ba. Hukumar ilimi tana da shirin lafiyar makarantu, kowace makaranta da malamin da ke kula da shi. Me zai hana a ƙara wannan 'yar dubawa a ciki? Ba ta bukatar na'ura. Ka ce wa yaro ya cije haƙora ya yi murmushi, ka ga ko na sama sun faɗa cikin na ƙasa, ko haɓa ta karkace. Ka tambayi uwa ko yana minshari kowane dare, ko yakan yi kamar numfashinsa ya tsaya. Minti ɗaya ne. Mu ne muke tare da yaran nan awa shida a rana a daidai shekarun da ƙashin ke ɗanye, likita kuwa sai haƙori ya yi ciwo yake ganinsu.

Ɗalibina dai mun kai shi. Likitar haƙori ta duba ta ce ganɗarsa tana da ƙunci, gefen hagu na sama ya faɗa ciki, amma ba za ta sa masa komai ba sai likitan hanci ya gan shi. Can aka gano naman bayan hancin ya kumbura, aka ba shi maganin fesawa na wasu makonni, aka ce idan bai sauka ba za a yi maganar cirewa. Da Hajiya ta tambayi likitar batun marar ƙarfe, sai ta tambaye ta wa ke gida da rana. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Likita, ni koko nake sayarwa, ƙarfe biyar na fita." Sun bar maganar sai an gama da hancin, an ba su ranar komawa bayan hutun zango. Ni kuma na dawo da shi kujerar gaba kusa da taga, na hana 'yan aji kiransa da sunan da suka laƙaba masa.